Yaro ya je Ƙonni, bil ɗin waya ya zo da nauyi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Layukan gidanmu huɗu a tsari ɗaya suke, wanda ake biya ƙarshen wata, kuma ni ke biya. Ɗana mai shekara 16 ya raka kawunsa biki Birnin Ƙonni, suka yi kwana uku. Bil ɗin wannan wata ya kusa ninka abin da na saba biya sau biyar, wai kuɗin romin ne, wato na amfani da layi a wata ƙasa. Yaron ya rantse bai kira kowa ba. Cutata aka yi, ko shi ne yake min ƙarya? Daga wani magidanci a Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka yi saurin ɗaukar bulala. Zai yiwu yaron gaskiya ya faɗa, kuma kamfanin ma bai ƙara maka ko kwabo ba.

Da zarar waya ta wuce Illela ta rasa sabis ɗin gida, sai ta maƙale wa ɗaya daga cikin kamfanonin Nijar, irin su Airtel Niger, Moov ko Zamani. Wancan kamfanin ya ɗauki nauyin layin, daga baya ya aiko wa naka da lissafi, naka kuma ya ɗora maka. Shi ya sa wani lokaci kuɗin ba ya bayyana sai yaro ya dawo gida har an manta da tafiyar. Datar wata-wata da ake saye a nan galibi ba ta aiki a can, sai a koma cajin kowace megabait a farashin ƙasar waje. Kuma waya ba ta jiran izini. In saitinta bai hana ba, tana cikin aljihu WhatsApp na sauke bidiyon zaurukan da yake ciki, hotunan bikin da ya ɗauka suna hawa Google Photos, manhajoji na sabunta kansu. Idan ya ɗan leƙa TikTok da dare, to magana ta ƙare. Ga kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: a can galibi amsa kira ma kuɗi ne. Idan mahaifiyarsa ta riƙa kiransa tana tambayar ya ci abinci, wannan ma zai iya kasancewa cikin bil ɗin.

Fara da wayar, yana zaune kusa da kai. A iPhone, shiga Settings, sai Cellular, za ka ga yawan datar da aka ci a romin. A Android, nemi wurin da ake nuna datar da kowace manhaja ta sha. Nan za ka ga wadda ta yi ɓarnar.

Daga nan kira 300, lambar kula da abokan hulɗa ta dukkan kamfanonin waya na Najeriya, ko ka je ofishinsu. Nemi cikakken bayani na wannan layin kaɗai: rana, lokaci, sunan kamfanin da ya kama, da yawan data. Ka kuma tambaye su yaushe aka buɗe romin a layin, wa ya nema, kuma ko akwai iyakar bashi da aka sa masa. Idan ka ga caji a ranar da yaron yana Sakkwato, ko an bar kuɗin ya zarce iyakar da kuka yi yarjejeniya, kana da hujja. Karɓi lambar ƙorafi ka ajiye, in ba su warware ba ka kira hukumar NCC mai kula da kamfanonin sadarwa a 622, kyauta ne. Idan kuma lissafin daidai ne, sai lallashi: ka nemi ragi ko a raba maka biyan. Ba dole ne su yarda ba, amma tsohon kwastoma mai layi huɗu ba wanda ake son rasawa ba ne. Kada ka ƙi biya gaba ɗaya, don za su iya rufe layukan duka.

Wani zai ce maka ai Ecowas ta sauƙaƙa romin. Gaskiya ne an amince da wannan tsari a 2017, amma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, kada ka dogara da shi.

Batun yaron kuwa, ra'ayina shi ne laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Layin bashi a hannun ɗan shekara 16 kamar famfo ne da ba shi da makulli. Nuna masa bil ɗin ya gani da idonsa, in ka so ka zare wani abu kaɗan daga kuɗin kashewarsa na 'yan watanni. Amma ka mayar da shi layin sa kati, wanda idan kuɗi ya ƙare komai ya tsaya, ko ka sa a rufe romin a layinsa daga ofis. A wayar ma ya kashe Data roaming. In zai sake tafiya, sim ɗin Nijar ya fi sauƙi.

Masu zama ko zuwa kasuwa a Illela, Gada da Sabon Birni, ku ma wannan ya shafe ku, don waya na iya kama sabis ɗin Nijar ba tare da an tsallaka ba. Idan kuka ga harafin R kusa da sandunan sabis, ko baƙon suna a saman allo, ku shiga wurin zaɓen netwok ku cire shi daga Automatic, ku zaɓi kamfaninku da hannu.