Amsar Baffa daga Malabo

Ɗana, saƙonka ya same ni a rumfa bayan la'asar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ka ce abu biyu sun tsaya maka a rai tun zuwan ƙannenka Kano biki. Da abokanka suka ɗauko hirar siyasa sai yaran suka yi tsit, har wani ya ce ko tsoro aka shayar da su. Sannan kana jin ana cewa Ikwatoriyal Gini ƙasar mai ce, to me ya sa har yau baffanka yana kasuwa yana auna albasa? Tambayoyin nan biyu uwarsu ɗaya, kuma ba za ka gane amsar ba sai ka san inda muke zaune.

Malabo tana kan tsibirin Bioko ne. Jihar Kano ta ninka shi girma kusan sau goma. Tsakaninmu da gaɓar Kamaru kilomita 32 ne na ruwa. Ranar da gari ya washe muna hango dutsen Kamaru daga bakin teku. Ku a can in gari ya rikice, mutum ya nufi tashar Unguwa Uku ya hau mota sai ƙauye. Mu ina za mu? Ko jirgin ruwa ko na sama, kuma duka biyun sai an ga takardarka. Ka riƙe wannan.

Tsofaffin Najeriya da sunan Fanya suka san tsibirin nan, lokacin yana hannun Turawan Sifen suna kiransa Fernando Po. Arzikinsa a lokacin koko ne, kuma dubban leburori daga kudu maso gabashin Najeriya ne ke noma shi a kan kwantiragi. Namu iyayen ba gona ta kawo su ba. Fatauci ne: nama, goro, kayan fata, ɗinki. Kakanka ta Kamaru ya ɓullo da 'yar jakarsa. Aka samu 'yancin kai ran 12 ga Oktoba 1968, Macías Nguema ya hau mulki, ƙasa ta shiga baƙar wahala. Aka yi ta kashe mutane, masu ilimi suka tsere, kantuna suka bushe. A 1975 zuwa 1976 gwamnatin Najeriya ta turo jirage ta kwashe mutanenta. Kakarka har ta rasu tana ba mu labarin ranar da ta tsaya a tashar jirgin ruwa da goyo, maƙwabtan da suka shekara ashirin suna cin tuwo tare suna hawa jirgi da ƙunshin kaya a ka, ita kuwa kakanka ya ce ba ya barin kabarin ɗan'uwansa. Gonakin koko suka koma daji. A watan Agusta 1979 Teodoro Obiang ya kifar da Macías, kuma shi ne a kan kujera har yau.

Wanda ya tashi a hannun waɗannan iyaye, da me kake zaton za su yaye shi? Sun ga mutumin da kalma ɗaya ta ɓatar. Shi ya sa yaro a gidanmu tun yana ƙarami yake sanin cewa maganar mulki ba ta kasuwa ba ce, ba ta cikin tasi ba ce. Ba na jin daɗin hakan, ɗana, kuma ba zan ce maka daidai ba ne. Ina sha'awar yadda kuke kiran gidan rediyo ku faɗa wa gwamna gaskiya. Amma zafin da na ji da aka ce yaranmu matsorata ne ya fi haka. Shirun nan shi ya tsare mana masallaci da rumfuna sama da shekara hamsin.

Sai maganar mai. A 1995 aka gano rijiyoyin Zafiro a cikin teku, shekara ta zagayo aka fara haƙa. Muna kallo garin ya sake kama: tituna masu faɗi, dogayen benaye, masana'antar gas a Punta Europa, da unguwar Sipopo da aka gina don taron shugabannin Afirka na 2011. Amma mai ba kamar gyaɗa ba ne da kowane manomi ke kai buhunsa a auna a ba shi kuɗinsa a hannu. Daga ƙarƙashin teku yake fita ya shiga jirgi ya tafi, kuɗin ya faɗa asusun gwamnati. Wanda ke kusa da gwamnati ya sha romo, saura mu jira abin da ya ɗigo ta hannun ma'aikaci da ɗan kwangila in sun shigo kasuwa. Yanzu ma rijiyoyin sun ja baya, kamfanin mai na ExxonMobil ya tattara ya tafi a 2024, kuma a aljihun mai sayen tumatir muke fara ganin alamar.

Tunda aka bar noma, yawancin abin da ake ci shigo da shi ake. In jirgin ruwan Duwala ta Kamaru ya iso, tun asuba muna bakin tasha, leburori na sauke buhunan albasa da ruwan gishiri ya jiƙa gefensu, kowa yana laluben nasa da tocila. In teku ta yi fushi jirgi ya makara kwana uku, farashi ya tashi kafin azahar. Ragon layya ma ta ruwa yake zuwa, shi ya sa sau da yawa gidaje ke haɗa kuɗi su yanka sa. Kayan lambu kaɗan ne ke saukowa daga tudun Moka mai sanyi. Wannan giɓin shi ne abincinmu, mu da muka gaji sanin hanya da riƙon amanar abokin ciniki a ƙetare.

Mutanen tsibirin na asali Bubi ne. Fang, waɗanda suka fi yawa a ƙasar kuma mulki ke hannunsu, daga ɓangaren ƙasar da ke ƙetaren teku, a kan doron nahiya, suka fito. Galibinsu 'yan Katolika ne. A bakin mutanen gari, kusan duk mai sallah Bahaushe ne, ko daga Mali ya zo ko daga Senegal, don haka in ɗaya ya yi abin kunya sunanmu ne ke ɓaci. Shi ya sa muke kashe rigimarmu a gaban liman da dattawa kafin ta kai ofishin 'yan sanda, muna kuma da asusun da ake zubawa don jinya da likkafani da baƙon da ya maƙale. Hausar yaran da ta ba ku mamaki kuwa, ka yi musu uzuri: Sifaniyanci suke yi a makaranta, a titi Pichi, wanda ya yi kama da burokan ɗin Kalaba, Hausa sai a gida da makarantar allo. A gidana na sa doka, in an zauna cin abinci ba a yin wani yare sai Hausa.

Ka ce kana son zuwa. Marhabin, ɗakinka yana nan. Amma kada ka saurari mai ce maka zai tsallako da kai a kwalekwale da dare. Ka nemi biza, in zama za ka yi a yi maka takardar zama, wadda muke kira residensiya, ka sa ta a leda a aljihun gaba, don ana iya tare ka a hanya kowane lokaci. Ka zo tsakanin Disamba da Fabrairu, ruwa ya ɗan tsagaita. Gwaggonka ta ce ka taho mata da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Ka gaida mini yaya, ka ce masa ina nan tafe bayan babbar sallah in Allah ya kai mu.