Me ya sa mai tafiya hutu yake riga mai zuwa aiki samun kujera?

Tambaya: Ƙanwata ma'aikaciyar cikin jirgi ce a wani kamfanin jiragen sama na Amurka. Cibiyar aikinta Niyok ce, amma tana zaune da iyalinta a Dalas, don haka sai ta hau jirgi kafin ta kama aiki. Kwanan baya aka bar ta a ƙasa da kayan aiki a jikinta, aka ɗauki abokin aikinta mai tafiya hutu. Ba mai zuwa aiki ne ya fi cancanta ba?

Amsa: A ido haka ne, Malam, amma kamfanoni ba haka suke lissafi ba. Idan kamfani ne ya tura ma'aikaci wani gari domin ya karɓi jirgi a can, ana ware masa kujera tabbatacciya, kuma ana ƙidaya tafiyar cikin aikinsa. Tafiyar ƙanwarka daga gida zuwa cibiya kuwa, ana ɗaukarta a matsayin sha'aninta, tun da ba kamfani ne ya ce ta zauna a Dalas ba. Saboda haka sunanta yana shiga jerin masu jiran gurbi, waɗanda ba a waiwayar su sai an zaunar da duk wanda ya sayi tikiti, har da fasinjan da jirginsa na farko ya kuɓuce masa.

A cikin jerin ma ba tsari ɗaya ake bi ba. Kamfanonin Delta da United suna duba daɗewa a aiki, wato wanda ya shekara 25 yana gaban wanda ya shekara 3, ko da bakin teku za shi shan iska. American da Southwest kuwa lokacin tabbatar da suna suke dubawa, shi ya sa za ka ga ma'aikaciya riƙe da waya tana ƙirga daƙiƙa, domin ta danna da zarar an buɗe rajista, awa 24 kafin tashi. Ban da wannan, wasu kamfanoni suna ba ma'aikaci 'yan takardun fifiko a shekara, waɗanda suke tsallakar da shi gaban sauran, kuma akasari don hutu ake adana su. Ina kyautata zaton ɗaya daga cikin waɗannan ne ya sami ƙanwarka. Iyaye da abokan da aka ba takardar alfarma suna can ƙasan jerin.

A ganina tsarin daɗewa ya fi takura sabbin ma'aikata, domin su ne masu ƙaramin albashi, su ne kuma ake yawan turawa biranen da hayar gida take da tsada.

Abin da yakan cece su shi ne kujerar naɗewa da ke kusa da ƙofar jirgi, wadda fasinja ba ya zama a kanta. Idan akwai rara, ma'aikaciyar da ke sauri tana iya nema. Yarjejeniyoyin ƙungiyoyin ma'aikata da dama kuma sun tanadi cewa wanda ya sa sunansa a jirage biyu da za su kai shi kan lokaci, amma bai samu ba, ba za a hukunta shi ba, sai dai yakan rasa kuɗin wannan tafiyar. Ya kamata ta karanta sharuɗɗan nata kamfanin da kyau. Da yawa daga abokan aikinta sukan iso tun ana gobe aiki, su kwana a ɗakunan haɗaka masu gadaje hawa biyu a unguwar Kew Gardens da ke Niyok, tsakanin filayen jirgin JFK da LaGuardia.