Furen popi ya yi ganye ya bushe bai yi fure ba: ya mutu ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi irin furen popi, wanda aka ce sau ɗaya ake shuka shi ya riƙa dawowa duk shekara. Karon farko na tona 'yan ramuka na binne irin, ko ɗaya bai tsiro ba. Karo na biyu wasu sun fito, suka yi ganye sosai amma babu fure, da zafi ya shigo kuma duk suka bushe. Irin ne ba shi da kyau, ko ni ce na yi kuskure? In tone wurin in sake shuka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin komai, ki ajiye fartanya, kada ki taɓa wurin nan tukuna. Ina kyautata zaton shukar taki tana da rai.

Bisa yadda kika kwatanta, abin da kika shuka shi ne wanda masana tsirrai ke kira Papaver orientale. Asalinsa tsaunukan Kaukasus ne, tsakanin Turai da Asiya, da arewa maso gabashin Turkiyya da arewacin Iran, inda ake tsananin sanyi a hunturu, lokacin zafi kuma ƙasa ta bushe ƙamas. A can ya koyi halin da ya ruɗa ki: da zafi ya kama sai ya zubar da ganyensa gaba ɗaya, ya koma ƙarƙashin ƙasa ya yi barci. Idan sanyi ya fara shigowa sai ki ga sabon toho daga gindin. Masu lambu da yawa a wannan lokacin suke kashe shi da hannunsu, wasu su tone, wasu kuma tausayi ya sa su yi ta kwarara masa ruwa har saiwar ta ruɓe. Idan kina so ki tabbatar, ki sa yatsa ki ɗan kawar da ƙasar gindin guda ɗaya. Saiwa mai tauri, tana nan da ranta. Wadda ta yi laushi tana wari, ta tafi.

Rashin fure ma ba laifi ba ne. Shekarar farko saiwa yake ginawa, doguwa guda ɗaya mai nutsewa ƙasa. Fure sai shekara ta biyu, wani ma sai ta uku.

Karon farko kuwa, binnewar ce ta hana shi fitowa. Ƙwayar irin popi ba ta fi ƙwayar yashi ba, kuma tana buƙatar haske kafin ta tsiro. Ba a rufe ta da ƙasa. Ki gauraya irin da busasshen yashi kaɗan don kada ya taru wuri guda, ki barbaɗa a kan ƙasa mai laushi wadda kika riga kika jiƙa, sannan ki danna da tafin hannu don ya manne. Shi ke nan. Wajen ban ruwa ki yi amfani da abin feshi, domin ruwan bokiti zai kwashe irin ya kai shi lungu guda. Idan a mazubi kika shuka, ki ɗora shi cikin faranti mai ruwa ya sha ta ƙasa. Yana son sanyi-sanyi, kamar digiri 13 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas, kuma yakan fito cikin mako 2 zuwa 3. Idan zafi ya yi yawa sai ya ƙi. Shi ya sa ake shuka shi ƙarshen hunturu, ko kuma dab da shigowar sanyi a bar shi ya sha sanyin hunturu a ƙasa. Wanda ba shi da wannan damar yana iya cakuɗa irin da yashi mai danshi cikin leda, ya sa a firji mako 2 zuwa 4, ba ɓangaren ƙanƙara ba.

Bayan sun tsiro, abin tsoro shi ne yawan danshi. Za ki ga ɗan tsiro lafiya lau da yamma, da safe ya kwanta, ƙafarsa ta sirance ta yi baƙi. Cutar ƙasa ce da cunkoso da rashin iska ke jawowa. Ki rage su tun suna ƙanana, kuma da almakashi, kada ki tuge ki girgiza saiwar maƙwabcinsa. A ƙarshe a bar tazarar santimita 45 zuwa 60 tsakaninsu. Na san rage tsiro yana da ciwo a rai ga wanda ya sha wahala kafin su fito, amma goma a cunkushe ba za su ba ki abin da uku masu sarari za su ba ki ba.

Wannan doguwar saiwar ba ta son dashe. Ni dai na fi son a shuka a inda zai zauna din-din-din: wuri mai samun rana aƙalla awa 6, ƙasar da ruwa ba ya kwanciya a cikinta. In dole sai a mazubi, ki nemi mai zurfi, ki dasa tun yana da ganye kaɗan, da ƙasarsa dunƙule.

Akwai kuma abin da masu sayar da iri ba su cika faɗa ba. Launin da ke jikin takardar ba lallai shi za ki samu ba, musamman idan daga ƙwanson wata shuka aka tara irin. Yawanci yakan koma ja mai ruwan lemo irin na asali, da baƙin tabo a tsakiya. Wani lokaci kuma a dace da abin mamaki: a shekarar 1906 wani mai renon furanni a Ingila, Amos Perry, ya tsinci mai ruwan hoda a cikin tsirransa, ya sa masa suna Mrs Perry, kuma har yau ana shuka shi. Mai son launi takamaimai, sai ya yanki guntun saiwar uwar lokacin da take barci ya dasa.

Sai batun da ya fi duk waɗannan nauyi, ba ki kuma faɗa mini inda kike ba. Wannan fure yana buƙatar hunturu na gaske kafin ya yi fure. A wurin da zafi ba ya sauka duk shekara, ko zafi ya haɗu da ruwan sama mai yawa a daidai lokacin barcinsa, da wuya ya dawo, komai ƙwarewar mai lambu. In haka wurinku yake, ki nemi wanda ake kira popin Kalifoniya, ya fi jure zafi da fari, yana kuma zubar da irinsa ya sake fitowa da kansa.

Yanzu dai ki kafa ɗan tsinke a kowane gindi don kada ki manta inda suke, ki rage ruwa ƙwarai, ki jira sanyi. In ya shigo da mako 4 zuwa 6 ba ki ga toho ba, sannan ki sake barbaɗa sabon iri.