Kwalaba 600 daga Beaujolais: wa zai biya kuɗin sanyi?

Tambaya: Malam, ina da shagon abin sha a Jos, ina kuma kai wa otal biyu kaya a Abuja. Ɗan yayata yana karatu a Liyon ta ƙasar Faransa. Ya ce akwai wani jan ruwan inabi mara nauyi da ake yi a yankin Beaujolais da inabin Gamay, irin wanda ba a zuba masa sinadarai, kuma Turawa suna rububinsa. Zai samo mini kwalaba a kan yuro 10, ni kuma in sayar ninki uku. Ina so in fara da kwalaba 600, a cusa su a kwantenar wani abokina mai shigo da tayil don a rage kuɗin dako. In sun iso in zuba a sito, in riƙa fitarwa a hankali. Me ka gani?

Amsa: Ɗan'uwa, ɗan yayarka bai yi maka ƙarya ba. Kayan na da kyau, kuma ana nemansa. Kuskuren yana cikin jimlolinka biyu na ƙarshe: kwantenar tayil da sito. Ka ɗauki wannan kaya a matsayin kayan ajiya, alhali kayan gwari ne. Ka lissafa shi yadda za ka lissafa kwandon tumatir, domin zafi yana kashe shi tun kafin mai saye ya gan shi.

Ka san abin da kake shirin saya tukuna. Beaujolais yanki ne na tuddai a arewacin Liyon, kudu da Burgundi, kuma kusan duk jan ruwan inabinsa daga Gamay ake yi. Yawanci ba sa matse inabin da farko. Sukan zuba shi ɗungum da reshensa a tanki, tsimuwar ta fara daga cikin ƙwayar kanta, shi ya sa yake fitowa da ƙanshin 'ya'yan itace, ga ƙarancin bauri. To baurin nan yana cikin abin da ke sa ruwan inabi ya jure ajiya. Na biyu kuma shi ne salfa, sinadarin da ake zubawa don kada ruwan inabi ya ɓaci. Dokar Tarayyar Turai ta yarda a zuba har miligiram 150 a lita ɗaya ta jan ruwan inabi na gama-gari. Masu yin irin wanda kake so, waɗanda suka bi koyarwar Jules Chauvet da kuma Marcel Lapierre, mutumin garin Villié-Morgon, tun shekarun 1980, ko dai su zuba ɗan kaɗan ko su ƙi zubawa gaba ɗaya, kuma da yawansu ba sa tacewa. Ke nan akwai yis da ƙwayoyin halitta masu rai a cikin kwalabar. Sanyi ne kawai ke kwantar da su, shi ya sa ake cewa a ajiye mara salfa ƙasa da digiri 14.

Yanzu bi hanyar da ka tsara masa. Makonni a teku cikin kwantenar ƙarfe mara sanyi. Sai zaman jiran kwastam a Apapa, inda cikin kwantenar da rana ta buga yakan haura digiri 50. Sai tirela daga Legas zuwa Jos. Sai sitonka. Kada sanyin Jos ya ruɗe ka, ko a can rana tsaka a watan Maris ta wuce digiri 14 nesa ba kusa ba, balle Abuja.

Na san wata mata mai gidan abinci a Abuja da ta bi wannan hanya da kusan katan 20. Ranar da aka buɗe katan na farko ina wurin. Toshiyar wasu kwalaben ta ɗago sama ta ture bakin takardar da aka naɗe ta da ita, ruwan ya tsiyayo ya bushe a wuyan kwalaba ya ɓata tambarin. Wanda aka tsiyaya a kofi yana kumfa a hankali, launinsa ya koma ƙasa-ƙasa, ƙanshinsa na tsami. Ta kira wanda ya sayar mata, ya ce lafiya ƙalau ya fito daga hannunsa, kuma gaskiyarsa ne. Ba ta da inshora, ba ta da wata takarda da ta nuna zafin da kayan ya sha a hanya. Abin da ya fi ɓata mata rai ba kuɗin ba ne. Kafin ta gane, ta riga ta sayar da wasu wa baƙin da suka san yadda ainihin abin yake, kuma ba su sake neman ruwan inabi a wurinta ba.

Wannan ninki uku da ke hana ka barci, zo mu taɓa shi. Kwalaba 600 a yuro 10, yuro 6,000 ke nan. A ce kashi ɗaya cikin uku ne kawai ya lalace, wanda a kwantenar tayil sa'a ce babba. Saura 400, kowace ta koma yuro 15 tun ba ka biya dako ba, ba ka biya kwastam ba, ba ka sallami wakilin fiton kaya ba, ba ka yi rajistar NAFDAC ba. Kuma ba tare da lambar NAFDAC ba, otal ɗin kirki ba zai karɓa ba. In kuwa ka ce za ka yi shi yadda ya dace, to kwantena mai sanyi ce daga ƙofar mai gona har Jos, sannan ɗaki mai sanyi dare da rana. Kwalaba nawa otal ɗinka biyu za su ɗauka a mako? In 12 ce, kwalaba 600 za ta kai ka mako 50. Mako 50 kana ƙona dizal a janareto saboda kaya ɗaya. Wannan kuɗin bai shiga lissafinka ba, kuma shi ne zai cinye ribar.

Kasuwar ma ƙarama ce. Yawancin mutanen Arewa ba sa sha, jihohi irin su Kano sun haramta sayarwa. Cikin masu sha kuma, mafi yawa sun saba da mai zaƙi ko mai nauyi. Mai neman Gamay mara salfa mutum ne da ya san shi, kuma shi ne zai fara gane ya ɓaci.

Game da ɗan yayarka, ka bar shi ya yi karatunsa. Farashin da ya ji a kanti ko a bakin abokai ba shi ne farashin fito da kaya daga ƙasa ba, kuma ƙananan gonakin da sunansu ya fita, a Morgon da Fleurie cikin yankin Beaujolais, sukan raba ɗan abin da suka samu ga dillalan da suka daɗe tare da su. Kwalabar yuro 10 mai yiwuwa ba tasu ba ce. In kayan ya ɓaci, ba za ka iya bin yaron bashi ba, sai dai zumunci ya yi tsami.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Kada ka shigo da komai bana. Nemi mai shigo da ruwan inabi a Legas ko Abuja wanda yake da ɗakin sanyi, ka je da ƙafarka ka ga ɗakin, ka tambaye shi a wace irin kwantena kayansa ke zuwa. Sayi katan biyu na Beaujolais wanda aka zuba wa ɗan salfa. Ko gidan Lapierre yana fitar da Morgon ɗinsa iri biyu, mai ɗan salfa da mara shi, to mai salfar shi ne na ƙasarmu. Ka sa su a firji, ka buɗe littafi: ranar da kowace kwalaba ta fita, wa ya saya, nawa, ya dawo ya ƙara ko bai dawo ba, da kuɗin wutar da firjin ya ci. Bayan wata uku ka turo mini shafin nan. In katan biyu sun ƙare cikin wata ɗaya kuma mutane iri ɗaya ne ke dawowa, sai mu zauna mu yi maganar katan goma.