Hukuncin sayar da tsofaffin takardun ofis masu ɗauke da sunan Allah

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ne mai kula da sito a wata ma'aikata. An kafa mana kwamiti don rage ɓarnar kaya da sharar da ofis yake tarawa. An ce a riƙa buga takarda gaba da baya, a kashe fitilu da na'urar sanyaya ɗaki idan an tashi, sannan a sayar da tsofaffin takardu ga masu saye a kan kilo. To amma wasu takardun suna da Bismillah, wasu ayoyi, sunaye irin su Abdullahi kuwa ba iyaka. Mene ne hukunci? Kuɗin kuma na waye?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Aikin kwamitinku abu ne da shari'a take nema. Allah ya ce a Suratul A'araf, aya ta 31: "Ku ci, ku sha, kada ku yi ɓarna, lalle shi ba ya son masu ɓarna." Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba cewa Allah ya ƙi mana abu uku, ciki har da tozarta dukiya. Wanda ya bar na'urar sanyi tana aiki a ɗakin da ba kowa, janareta yana shan mai, ya tozarta dukiya. Laifinsa ma ya fi na wanda ya yi haka a gidansa, domin wannan dukiyar amana ce a hannunsa. Maganar "ai kayan gwamnati ne" ba ta da gurbi a fiƙihu, kuma tana ba ni takaici idan na ji ta a bakin mai sallah. Ku haɗa da wurin alwala a cikin tsarinku. Annabi (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, wato cikin tafuka biyu na matsakaicin mutum, littafin fiƙihu na Risala kuma ya ce ƙaranta ruwa tare da kyautata wanki sunna ne. Butoci sun fi famfon da ake saki yana zuba ana hira.

Batun takardu shi ne yake buƙatar rarrabewa. Mai saye a kan kilo sau da yawa ba masana'anta yake kai su ba. Mai ƙosai da mai tsire yake sayar wa, a naɗe abinci, mai ya jiƙa takardar, a jefar a kwata a tattake. Duk takardar da ke da aya, ko hadisi, ko Bismillah, haramun ne a miƙa ta ga wanda aka san ko aka fi zaton haka zai yi da ita. Allah ya ce a Suratul Hajji, aya ta 32, girmama alamomin addininsa yana daga taƙawar zukata.

Irin waɗannan a ware musu kwali na musamman. Idan sun taru, a ƙona su a wuri mai tsarki har su zama toka, ko a binne su inda ba a takawa. Ƙonawa ba wulaƙanci ba ce idan nufin tsarewa ne, domin Sayyidina Usman, bayan ya haɗa mutane a kan Mus'hafi guda, ya yi umarni a ƙona sauran, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Sai dai takardar kaɗai za a ƙona. Kada a haɗa da ledar ruwa da robobi, hayaƙinsu yana cutar da ku da maƙwabta, ga shi kuma Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa. Leda da roba a tara wa 'yan bola jari.

Takardun da ke da sunayen mutane kawai, kamar Abdullahi da Abdurrahman, malamai sun saɓa kan tsananin hukuncinsu. Abin da na fi natsuwa da shi: tsince su ɗaya bayan ɗaya a cikin dubban fayiloli wahala ce da shari'a ba ta ɗora muku ba, amma kada a sayar da su yadda suke. A sa su a na'urar yayyanka takarda har rubutun ya daina karantuwa. Wannan zai kuma rufe sirrin ma'aikata, kada takardar albashin wani ko ta rashin lafiyarsa ta faɗa hannun mai sayen awara. Bayan haka ya halatta a sayar wa masana'antar da ke narkar da su ta yi kwali ko tiren ƙwai, domin hukunci yana bin rubutu ne, rubutun kuwa ya gushe. Ina kuma ba ku shawara ku daina buga Bismillah da ayoyi a kan sanarwar da za a liƙa yau a yage gobe.

Kuɗin na ma'aikata ne. Muslim ya ruwaito daga Adiyyu ɗan Amira cewa Annabi (SAW) ya ce wanda aka ɗora a kan wani aiki ya ɓoye ko da allura, to ha'inci ne da zai zo da shi ranar ƙiyama. A auna a gaban shaidu, a rubuta rasit, a zuba a asusun da dokar ma'aikatarku ta tanada. Idan mai ikon yin haka ya ware wani abu ga masinja da masu shara da suka yi aikin rarrabewa, ya halatta su karɓa.

Wallahu a'alamu.