Sola ko horar da malamai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shugabantar wata makarantar kuɗi a Tudun Wada, Zariya. Kuɗin da muka ware bana ba zai yi abu biyu ba. Malamai na son sola, ƙawata kuma ta ce in horar da su kan kula da yaran da suka ga tashin hankali, don muna da waɗanda iyayensu suka gudo daga Giwa da Birnin Gwari. Wanne zan zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki fara da horon, sola ta jira zango mai zuwa.

Yaron da 'yan bindiga suka tasa daga barci, ko baki ya yi shiru jiki bai manta ba. Tayar babur ta fashe a titi, sai ki ga ya shige ƙarƙashin benci, ko ya kai wa na kusa da shi duka. Malamin da bai san dawan garin ba zai ce taurin kai ne, ya ɗauko bulala, ya fama masa miki. Gobe yaro ya ƙi zuwa, uba ya cire shi, makaranta ta yi asara. Horon yana koya wa malami ya bar "wane irin yaro ne kai?" ya koma "me ya faru da kai?"

Ba tatsuniya ba ce. A Amurka, tsakanin 1995 da 1997, an binciki mutum sama da 17,000, aka ga cewa yawan baƙar wahalar ƙuruciya na tafiya da ciwon zuciya, ciwon damuwa da shaye-shaye bayan girma.

Kada ki tsaya a malamai. Ki haɗa da maigadi, shi yaro ke fara gani da safe. Su kansu ma'aikatan na da nasu tabon. Mutanen Zariya ba su manta harin Kwalejin Nuhu Bamalli na 2021 ba.

Kuma kada wani mai kwat da takardar shaida ya tatse ki. Ki tuntuɓi sashen ilimin halayyar ɗan Adam da ba da shawara na ABU a Samaru. Littafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 kan taimakon farko ga wanda ya firgita kyauta ne a intanet. Yaron da barci ya gagara ko ya daina magana, a kai shi asibitin koyarwa na Shika.

Mai horon da ya ce a tsayar da yara gaban aji su ba da labarin abin da suka gani, ki sallame shi.