Tauraron ɗan adam da yashin kogin Isa

Tambaya: Malam, ta yaya hoton da aka ɗauka daga sama zai nuna yashin da ke cike kogin Isa, har a san gada ko madatsar da ke cikin haɗari? Daga wani mai karatu a Harobanda, Yamai.

Amsa: Malam, launin ruwa ne yake tona asiri. A watannin Agusta da Satumba, kogunan Sirba, Dargol da Gorouol sukan kwararo da jan ruwa mai laka cikin kogin Isa, kuma tauraron Sentinel-2, wanda yake komowa kan wuri ɗaya duk kwana biyar, yana rarrabe shi da ruwa mai tsabta. Idan aka jera hotunan rani na shekaru da yawa, ana ganin yadda tsibiran yashi suke faɗaɗa kusa da gadar Kennedy ta Yamai, suna matse hanyar ruwa har ya koma yana cin gaɓa, kamar wajen unguwar Lamorde inda madatsa ta ɓalle a 2020. Idan hadari ya rufe sama, sai a koma ga tauraron Sentinel-1, domin na'urarsa tana ratsa gajimare. Sai dai hoto ba ya auna zurfi, ballantana zaizayar gindin gada. Wannan kam sai injiniyoyi sun shiga kwalekwale da ma'auninsu.